Rumbuna Bakwai da Ruwa Bai Taɓa Ba

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na yi kukan rushewar gidan da babu shi a doron ƙasa ba, kuma a gaban mutanen da nasu ya rushe da gaske. Har yau in na tuna ban san wa zan fi jin haushi ba: masu wutar kuran, masu rezon waya, masu wasan, ko ni uban 'ya'ya uku da na zauna ina gina gari a cikin wayar salula.

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a Dungas. Duk ɗalibin da ya bi ta ajina ya san hali: in na kama ka kana wasa a salula, sai mahaifinka ya tako da ƙafarsa kafin ka sake ganinta. Abin da ba su sani ba, ni kaina shekara biyu na yi ina wani wasan intanet na gina gari. Ka ɗaga garu, ka cika rumbuna, ka tara dabbobi, wasu mutane can a ƙasashen da ban taɓa ji ba suna jiran ka yi sakaci su afka maka. (Kar ka tambaye ni yadda aka fara. Abokina Mansur na Magariya ne ya ce in gwada na minti biyar kawai.)

To, a tsakiyar damunar sai wasan ya ɗauke. Masu shi suka turo saƙo wai mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin da na'urorinsu suke, wuta ta yanke musu, a yi haƙuri, babu wanda za a taɓa wa gari sai sun dawo. Na yi haƙuri. Har addu'a na yi musu, ni sakarai.

Ranar da suka gyara suka buɗe, ranar ruwa ya sauko mana kamar da bakin ƙwarya. Turakun kuran suka kwanta, rezo ya yi kwana guda yana numfashi da injin, mai ya ƙare, shi ma ya mutu. Gidajen ƙasa da ke gangare suka zube. Da yake ana hutu, aka kwashe iyalai aka zuba su a azuzuwan lakkwal ɗinmu, wato makarantarmu, darekta ya kira mu malamai mu zo mu taimaka da rabon tabarmi da abinci. Ina raba tabarmi, raina yana can. Kwana huɗu garina a buɗe, babu mai tsaro.

Rana ta biyar da hantsi rezo ya farfaɗo. Na maƙala salula a panon rana, wato sola, na ofishin darekta har ta ɗan sha, na zagaya bayan aji na buɗe wasan. Wallahi ko kaza ba su bar mini ba. Nan take na kira Mansur.

"Mansur, an gama da ni! Garu ya faɗi gaba ɗaya. Rumbuna bakwai, babu ko tsabar gero! Dabbobi duk sun tafi. Shekara biyu ina gini da gumina!"

Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin me? Su da guguwa ta taɓa su, duniya duka ta tsaya ta jira su. Mu da ruwa ya ci mu, wa ya tsayar mana da wasa ko na awa ɗaya? Ko mu ba mutane ba ne? Na zagi masu wasan, na zagi masu kuran da iska kaɗan ke kayar musu da turaku, na zagi wanda ya bar injin rezo babu mai. Na rufe da cewa, "Kuma ko Hadiza ba zan iya gaya wa ba." Hadiza matata ce.

Ashe Baba Isuhu, dattijon da ke gadin lakkwal, yana zaune ƙarƙashin taga yana gyaran igiyar guga. Mutumin kirki ne, abin da ya kashe ni ke nan. Ya san ni ɗan garin Kwaya ne, iyayena suna can, sai ya ɗauka gidanmu na gado nake wa kuka. Sai ya tashi ya wuce wurin darekta.

Washegari da safe mutanen magajin gari suka kawo taimako. Aka taru a filin lakkwal: waɗanda ruwa ya kora, malamai, dattawan unguwa, ɗalibaina da suka zo sauke buhuna, da matan da ke dafa wa jama'a abinci, har da Hadiza. Ana cikin kiran sunaye sai darekta ya ɗaga hannu.

"Jama'a, akwai wani bawan Allah a cikinmu. Kwana da kwanaki yana yi muku hidima, ashe gidansu na Kwaya ya rushe baki ɗaya. Rumbu bakwai, da dabbobi duka. Bai buɗe baki ya gaya wa kowa ba. Mushe, fito."

Da yake kowane malami Mushe ake ce masa a nan, na waiwaya ina neman wannan bawan Allah. (Har na fara tausaya masa.) Sai na ga duk idanu a kaina.

Kafin in motsa, ludayi ya faɗi daga hannun Hadiza. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwala ihu. "Innalillahi! Baba da Inna fa? Suna raye? Malam, shi ne ka ɓoye mini?" Mata suka riƙe ta. Wata tsohuwa, Iya Gambo, wadda ɗakinta ɗaya tilo ya zube a kan akuyarta mai ciki, ta jawo tabarmar da aka ba ta yanzu-yanzu ta tura gabana.

"Ɗana, riƙe wannan ka kai wa tsofaffi. Ni ƙashina ya saba da ƙasa."

Na so in yi shiru in karɓa, in gyara zancen daga baya. Amma Hadiza tana neman shiɗewa, wani har ya tafi kiran ɗan kabu-kabu ya kai ta Kwaya. Da ƙyar na ce, "Lafiyarsu lau. Gidan... ba na Kwaya ba ne."

Darekta ya ce, "To na ina ne?"

"Na cikin salula ne."

Baba Isuhu ya matso, da gaskiyarsa, ya ce, "Ruwan har cikin salula ya shiga, Mushe?"

Wata ɗalibata, wadda na taɓa riƙe wa salula wata guda cur, ita ta ɗauki nauyin yi wa jama'a bayani, da murya mai daɗi kamar tana karanta darasi. "Wasa ne, Baba. Irin wanda Mushe yake hana mu." Dariya ta fashe daga wajen ɗalibai ta bi fili. Dattawa ba su yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Iya Gambo ta dube ni sama da ƙasa, ta janye tabarmarta a hankali ta naɗe, ta ce, "Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Akuyar taka ta cikin waya, tana da ciki ita ma?"

Hadiza ba ta yi mini magana ba sai bayan kwana uku, kuma abin da ta fara cewa shi ne, "Rumbu bakwai gare ka, muke auna gero da tiya?" Darekta kuwa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi tunda na ƙware a gini, ga ɗakin Iya Gambo yana jira. Sati biyu na yi ina kwaɓa laka da ɗaukar tubali, tana zaune a inuwa tana nuna mini inda ya karkace.

Haushin masu wasan bai sake ni ba har gobe, domin da na rubuta musu doguwar wasiƙa ina bayanin ruwa da kuran, amsar da suka turo ita ce in tabbatar ina da rezo mai kyau. A Dungas. Da damuna.

Abin da na koya dai ba mai yawa ba ne. Asarar da ba za ka iya faɗa wa matarka ba don kunya, kar ka yi mata kuka da ƙarfi. In kuma kukan ya zama dole, ka fara leƙa ƙarƙashin taga.