Rasuwar Gimbiya, Kwanon Miyar Gidan Brandstrup

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya ci rabinta kunya ta ci sauran, Aksel Brandstrup na garin Svendborg, tsohon matuƙin jirgin fito, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babban kwanon miyar gidansu na tangaran, wanda kowa ya sani da suna Gimbiya. Rai ya yi halinsa ranar jajiberin Kirsimeti a gaban iyali, bayan jinyar da mutum ɗaya kaɗai ya san da ita.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. A yadda dangin Gudrun, matar Aksel, suke faɗa, don teburin sarki aka ƙera ta, aka zana mata furannin dajin ƙasar nan da hannu, kowane da saiwarsa, aka zagaye bakinta da ruwan zinare. Wani ɗan tabo a ƙarƙashin murfi ya hana ta zaman fada, ta faɗo hannun kakar kakar Gudrun, mai wanke-wanke a can. Tun daga nan uwa ke miƙa wa 'ya.

An shaide ta da kamun kai. Ba ta fita daga kabad mai gilashi sai sau ɗaya a shekara, ta ɗauki faten shinkafa da madara na Kirsimeti, ta koma. Ba ta da yawan magana. In an ɗora mata murfi ta ce ƙwal, in yaro ya ɗan taɓa ta da farce ta ce tiiin, Gudrun kuma ta ƙarasa mata sauran zancen daga kicin.

Ciwon ajalinta ya faro ne da kaka, ranar da aka sallamo Gudrun daga asibiti bayan aikin kwatangwalo. Aksel, wanda bai taɓa dafa abin da ya wuce kofi ba, ya ƙudurta zai karɓi matarsa kamar sarauniya. Ya dafa miyar wake mai kauri, ya ɗauko Gimbiya daga falon da ba a kunna wa na'urar ɗumama ɗaki ba, jikinta sanyi ƙalau, ya juye mata miyar tana tafasa. Marigayiyar ba ta yi kuka ba. Ƙyas kawai ta ce, tsaga ta ratsa ta daga gindi har baki.

Aksel ya kwashe miyar ya mayar tukunya. Ya nemo gam ɗin da yake liƙe kayan kamun kifi, ya shafa, ya juya tsagar ta fuskanci bango. Kullum da safe yakan ce yau zai faɗa. Sai ya ga Gudrun tana koyon tafiya da sanda, ya ce a bari ta ƙara ƙarfi.

Ranar jajibere Gudrun ta ajiye sandar. 'Yarsu Solvej ce ta cika kwanon a kicin, ta ce, "Mama, bari in kai miki."

"Tun kafin a haife ki nake kai ta teburin nan. Matsa min."

Gudrun ta rungumo Gimbiya, ta taho a hankali tana murmushi. Saura kaɗan ta isa, gindin kwanon ya fice. Ta tsaya da hannuwa biyu a sama, shinkafa a kan takalmanta.

"Hannuna ne," in ji ta, murya can ƙasa. "Ko ji ban yi ba lokacin da na sake ta. Ashe na tsufa haka."

Maigidan yana zaune a gaban teburin, kuma ya bar ta da wannan zaton. Ya durƙusa ya tsince gutsattsarin da kansa, da sauri, yana cusa waɗanda ke da gam a aljihunsa.

Har hutun ya ƙare Gudrun ba ta ƙara ɗaukar ko kofi da hannu ɗaya ba. Ta daina saƙa. Ranar da Aksel ya ji ta a waya tana tambayar Solvej yadda ake neman ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ya ɗauko gutsattsarin ya jera mata a cinya.

"Gudrun, hannunki lafiyarsa ƙalau. Ni ne. Duba gam."

Ta sa tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar miyar wake."

"Miyar da gishiri ya yi wa yawa?"

"Ita."

"Kai tsohon nan, kwano dai ƙasa ce, na yafe. Amma ka zauna kana kallona ina tsoron hannuwana. Wannan kam sai na yi tunani."

Har zuwa rubuta wannan sanarwa tana kan tunanin.

Marigayiyar ta rasu ta bar murfinta, wanda ya tsira ba ko ƙwarzane amma ba shi da inda zai zauna, da ludayi, da ƙannenta farantai. Ta bar kuma Solvej, wadda aka shirya miƙa mata ita ranar aurenta da bazara, wadda kuma abin da kawai ta ce wa ubanta shi ne, "Haba Baba."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a lambun iyali, ƙarƙashin itacen tuffa. Ƙasa ta daskare, amma Gudrun ta ce kada wanda ya kama wa Aksel haƙa, shi ma bai nema ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo furanni, kada kuma wani ya kawo sabon kwano. Bayan binnewa za a sha kofi a gida. Gudrun ce za ta zuba wa kowa da hannunta. Aksel zai karɓi nasa a kofin takarda.