Ranar da Na Zama Bala Lantarki

Ko na manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar mutuwa wani ƙauye a bayan Nahuce ba. Har yau in wanzami ya ɗora min aska a ƙeya sai tsigar jikina ta tashi, kuma ba askar nake tsoro ba.

A shekarun saba'in ne, ba a daɗe da fara kashe naira ba. Ina saurayi, ina aikin akawu a wani kamfanin gurzar auduga a Gusau, ina kuma fama da wata cuta da asibiti ba ta da maganinta, wato son Bala Lantarki. Yaran yanzu ba su san shi ba. Makaɗin rok ne a Ikko, wato kiɗan zamani irin na Turawa, mai irin jitar nan da ake jona wa wuta. In ya ja wayar jitarsa sai ka rantse mace ce ke kuka a bayan gari. Mu da muka kamu, matattararmu shagon abokina Lawali mai gyaran rediyo, don shi kaɗai ke da garmaho. Mun sa faifan Bala har ya gaji ya fara tsalle.

Ni kuwa abin nawa ya wuce sauraro. Wani ɗan neman magana ya taɓa duban hoton bayan faifan, ya dube ni, ya ce ai muna kama. Shi ke nan ya gama da ni. Bala dogo ne siriri, ni ma haka Allah ya yi ni. Na tara suma irin tasa, tuli guda, ina bin ta da mai da mataji safe da yamma. Na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda ke share wa gwamnati titi kyauta, da jar riga mai ƙaton kwala. Na sayi baƙin tabarau da takalmi mai tudu (sai da dabara nake hawa keke da shi, sauka kuwa sai addu'a).

Ana nan sai rediyo ta ce Bala ya rasu a haɗarin mota can kudu. Shagon Lawali ya koma gidan makoki. Ba mu gama jimami ba muka ji wai wani ɗan jarida na rubuta littafin tarihin rayuwarsa, nan fa muka samu abin jira. Kullum da yamma gardama. Wannan ya ce littafin zai tabbatar da cewa mutumin Gana ne, wancan ya ce ƙarya ne, Basaro ne daga wata ƙasa can gaba da Gana. Akwai wanda ya rantse yatsu shida ne a hannunsa na hagu, kuma aljana ce ta koya masa kiɗa a bakin teku. Mun dame masu sayar da littattafai har suna ɓuya in sun hango mu. Ranar da muka ji direban da muka yi wa saƙo daga Kaduna motarsa ta lalace a Tsafe, ban iya haƙuri ba. Na ari babur ɗin Lawali na tafi har Tsafen, na iske bawan Allah kwance ƙarƙashin mota, na sa ya fito ya miƙo min littafin da hannu duk baƙin mai.

Ɗan siririn littafi ne da Turanci, takardarsa irin wadda ake naɗe ƙosai. Amma hoton bangon ya tsaya min a rai. Bala ne ba tabarau, karo na farko da muka ga idanunsa. Duk inda ka ajiye littafin a shagon sai ka ga kamar kai yake kallo, har Lawali ya riƙa kifa shi.

Ni na karanta wa jama'a ina fassarawa. Mai maganar yatsu shida ya yi fushi ya fita da ya ji biyar ne, ya ce marubucin maƙaryaci ne. Wani ya yi ta share hawaye da gefen riga. Sai na zo wani shafi na sake karanta shi sau biyu. Ashe sunansa na yanka Umaru, an haife shi a wani ɗan ƙauye kusa da Nahuce a ƙasar Bunguɗu, ya gudu yana yaro ya bi wata motar ɗaukar gyaɗa. Muna ta hangen Gana, ashe mutumin nan bayan ɗakinmu ya fito.

Nan take na yanke shawarar sai mun je mun yi wa danginsa ta'aziyya. Na tsara jawabi mai ratsa zuciya na haddace. Kuma don in girmama mamaci (ku ji wayo), na saka kayan nan kaf, na taje suma ta tashi tsaye. Lawali ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko zan sa jallabiya. Na ce masa shi bai san darajar Bala ba.

Damina ce ta yi nisa. Mun wuce Bunguɗu, a Nahuce muka saki titi muka kama wata 'yar hanya. Daf da wani rafi sarƙar babur ta zame, Lawali ya ce in yi gaba a ƙasa zai same ni. Na kama hanya ni kaɗai da littafi a hammata. Gero ya fi ni tsawo dama da hagu, rana tsaka, ba iska, ba ko kukan tsuntsu. Ba abin da nake ji sai ƙwas-ƙwas ɗin takalmina.

A bakin ƙauyen akwai rijiya, mata na ɗiban ruwa. Ɗaya ta ɗago ta gan ni, igiyar guga ta sulale daga hannunta. Mun ji faɗuwar gugan can ƙasa. Ba ta yi ihu ba da farko, leɓenta kawai ke motsi. Sannan ta kira suna da ƙarfi, ta ce Umaru. Sauran suka fara ja da baya, ba wadda ta yarda ta juya min baya, har suka shige cikin gero suka bar tuluna.

Ni dai gogan naku na ci gaba, ina cewa a raina ƙauyawa ba su saba ganin 'yan birni ba. Na ratsa ƙauyen ba kowa. Ga turmi da taɓarya a tsaye cikinsa, ga tukunya kan wuta tana tafasa, ba mai ita. A gindin wata bishiya gaban masallaci na iske maza a tsaitsaye. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na sake yi. Wani tsoho sai karanta ayoyi yake yana tofawa wajena. A nan ne na fara jin sanyi a bayana, don ban taɓa sanin haka rashin amsa sallama yake ba. Sai ka ji kamar da gaske ba ka nan.

Wani kakkauran mutum mai furfura jefi-jefi ya matso. Bai dubi fuskata ba, ƙafafuna yake kallo.

“In kai mutum ne, hidda takalmin ga mu gani.”

Sai a lokacin na fahimta. An ce aljani kofato gare shi, ga ni kuwa tsaye kan wasu baƙaƙen tudu biyu. Na durƙusa na cire. Safata ta huje, babban yatsa ya leƙo waje, kuma wallahi yatsan nan shi ya cece ni. Na ji jama'a sun sauke numfashi a tare.

Na yi bayani cikin in'ina, na miƙa littafin. Mutumin ya dubi bangon ya daɗe. Shi ne Bello, wan Umaru. Ya kama wuyan hannuna ya ja ni gefe, ya gaya min abin da littafin bai faɗa ba. Mahaifiyarsu na da rai, kuma ba ta san ɗanta ya rasu ba. Saƙon rasuwar ya iso musu tun tuni har da hotonsa, cewa can Ikko aka rufe shi, amma Inna na kwance ba lafiya tun rani, idonta ya kusa tafiya, zuciyarta ba ƙarfi. Manya suka ce a dakata sai ta ji sauƙi, don suna tsoron labarin ya tafi da ita. Duk ƙauyen sun sani, ita kaɗai ce ba ta sani ba, kullum tana zaune tana fuskantar ƙofa.

Bai rufe baki ba muka ji wata siririyar murya daga cikin gidan da ke bayanmu. Ta ji sunan da aka kira a rijiya.

“Bello, shigo min da shi.”

Bello ya riƙe ni da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya roƙe ni don Allah in rufa musu asiri, in shiga in durƙusa kawai, kada in ce uffan. Zai ce mata mura ta shaƙe min murya a hanya. Ni da ba a taɓa raba ni da surutu ba, na gyaɗa kai.

Ɗakin duhu, sai warin hayaƙi da jiƙo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce zaune kan gadon kara. Ta miƙo hannuwa, na durƙusa na kai mata fuskata. Ta zare tabarau ta ajiye, ta shafa goshina, ta shafa kunnuwana, hannunta sanyi ƙalau. Ba ta yi kuka ba. Sai ta hau ba ni labari a hankali, wane ya rasu, wance ta yi aure, rijiyar gabas ta rufta. Ta ce mahaifina ya yi ta kiran sunana a ciwon ajalinsa. Ina durƙushe ina sauraron saƙon da ba nawa ba, mai shi na cikin ƙasa a Ikko. Na rantse muku na riƙa jin kamar akwai wani durƙushe kusa da ni. Da ta ce “Umaru,” saura kaɗan in amsa, kuma ba ni na yi niyyar amsawar ba.

Sai hannunta ya hau kan sumata ya tsaya. Ta ce dama wani falke ya gaya mata ya ga hotona da gashi kamar na mahaukaci, ita kuwa ta yi rantsuwa ranar da na dawo ba zan sha ruwan gidanta ba sai an sauke shi. Ta ce a kira wanzami.

Na dubi Bello. Bello ya dubi rufin ɗaki.

A tsakar gida aka zaunar da ni, aka fito da Inna aka jingina ta da bango. Duk ƙauyen sun leƙo ta saman danga, ba mai tari. Wanzamin ma bai gama yarda da ni ba, kowace shafa sai ya yi bisimilla. Ina kallon sumar da na yi shekaru ina kiwo tana faɗowa kan cinyata. Daidai nan Lawali ya iso yana tura babur, ya buɗe baki, wani ya toshe masa shi ya ja shi baya. Hawaye suka zubo min, har da shessheƙa. Inna ta ji, ta ce in yi kukana, kukan tuba ne, Allah ya karɓa. Jama'a, gashina nake wa kuka. Ban taɓa jin na raina kaina irin na wannan lokacin ba.

Da aka gama ta ce a matso da ni. Ta ɗora kaina kan gwiwarta, ta lakato man shanu ta fara shafa min, daga goshi zuwa baya. Da yatsunta suka iso ƙeyata sai suka tsaya. Suka koma sama, suka sake gangarowa. Suka bi bayan kunnen dama, suka bi na hagu. Ina jin numfashinta a kan fatar kaina.

“Bello.”

“Na'am, Inna.”

“Ina tabon da ka yi mishi da hauya kuna yara?”

Sai na ji gwiwoyin Bello sun bugi ƙasa.

Sannan ta tambaya, muryarta ba ta ko girgiza ba, “Ina anka ruhe shi?”

Ya ce Ikko. Ta yi salati, ta ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Sai mata suka fashe da kukan da suka daɗe suna haɗiyewa, maza suka fara shigowa suna durƙusawa. Makokin da aka yi ta ɗagawa ya tashi a kaina, ni kuwa kaina na kan gwiwarta, ba ta sake ni ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Can ta sunkuyo ta tambaye ni ni ko ɗan wa ne. Jawabin nan da na haddace ya bi iska, ko kalma ɗaya ban samu ba. Abin da ya fito daga bakina, a gaban uwar da ta rasa ɗanta yanzun nan, shi ne, “Inna, ni ina son kiɗansa ne.”

Ta ce, “Awo.” Na yunƙura zan tashi, ta danne kaina a hankali. “Tsaya in ƙarasa, ɗana. Na riga na hwara.”

Ta lakato wani man ta shafe min kai tas, har bayan kunne, hawayenta na ɗiga a kai.

Inna ba ta mutu ranar ba. Bello ya aiko min daga baya cewa ta ga kaka, ta ga wata daminar ma, kuma ta daina zama tana fuskantar ƙofa. Ban sani ba ko alheri na yi mata ko akasinsa, har yau ban yanke ba.

A hanyar dawowa Lawali na tuƙi ina bayansa har muka iso Bunguɗu. Nan ya waiwayo ya ga kaina na ƙyalli cikin rana, ga jar riga, ga takalma rataye a wuyana, ya tsayar da babur ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban taya shi ba.

Tun daga ranar, in zan je gaisuwar mutuwa sai na fara tambaya ko masu mutuwar sun san an yi ta. Kuma ina zuwa ne da fuskata, komai muninta.