Basir ɗin da na rubuta wa kaina

Kwana uku da karɓar satifiket ɗina na ƙwararren likita kan bayanan marasa lafiya a kwamfuta, na tara ma'aikatan asibitinmu da ke unguwar Port Saeed, nan ƙasar Larabawa, zan koya musu aiki. Wata nas ta ce, "Dakta, shafin gwaji ka buɗe kuwa?" Na yi mata kallon mai sabon satifiket, na ci gaba da abina.

Don misali na sa sunana a matsayin majinyaci, na rubuta basir mai tsanani, tiyata ranar Litinin. A gurbin dangi na sa lambar da na haddace, ta surukina Alhaji mai shagon takalma a kasuwar Naif. Ashe shafin gaske ne. Ina tsaka da cika baki saƙon asibiti ya isa wayarsa.

Ya kira ni murya a sanyaye: "Likita, ashe abin da kake ɓoyewa ke nan? Khalas, magana ta ƙare, kar ka yarda da wuƙa."

Na rantse masa lafiyata ƙalau har na gaji. Mako biyu sai ga jarkar maganin gargajiya daga Kano ta jirgin kaya. Har yau in na shiga shagon sai a miƙo mini matashi, Alhaji ya ce, "Zauna a hankali, ƙwararre."