Muhandis da Dizal Mai Tsabta

Faɗan Goggo Fatu da Muhandis Abdulmohsen ya samo asali tun unguwar Karantina ta Jidda na tsaye, kafin a rushe ta. Tana zaune bakin lungu da farantin gyaɗarta, sai ga hancin wata ƙatuwar mota dab da kafaɗarta, ba ƙara, ba hayaƙi, ko tari babu. Ta zabura, faranti ya kife, gyaɗa ta bi kwata. Gilashi ya sauka a hankali, sai ga Muhandis, ɗan ƙaninta, yana murmushi.

"Haibirid ce, ya Goggo. Rabi banzin, wato fetur, rabi lantarki. Ba ta magana."

"Ɓarawo ma ba ya magana. Ɗauke min ita daga nan!"

Muhandis kuwa, wato Injiniya, ba ƙaramin mutum ba ne. Duk Jidda babu motar alfarma da ba ta san hannunsa ba, don shekara goma sha ɗaya ya yi yana goge su a ma'arad, inda ake baje manyan motoci na sayarwa. Takardar shaidar karatunsa tana aljihun baya, rawaya ce, tana shan ruwa sosai. Shi ya sa masoya ke kiransa Abu Tsumma. Makullai tara ke kaɗawa a ƙugunsa, ba nasa ko ɗaya, kuma idan an tashi aiki a bayan a-kori-kura yake komawa gida, saboda tawali'u.

Iliminsa na bin kayan da aka sauke a ma'arad. Watan da aka kawo haibirid, dizal ƙazanta ne. Watan da aka kawo dizal, sai ya miƙe a walimar mutane, shinkafa a hannu:

"Ya jama'a, masana sun kasu biyu a kan wannan mas'ala, ni ne na uku. Dizal na yanzu ba irin na da ba ne. Mai tsabta ne, wallahi! Ka tara farar riga a bakin salansa, ka sa ta ka tafi Juma'a. Haibirid kuwa munafuka ce. A gabanka ta ce ita 'yar lantarki ce, ka juya baya ta kwankwaɗi banzin."

Ana haka sai labari ya zo daga Kano: Juwairiyya, ƙanwar Goggo, za ta zo umra. Rabonsu da juna shekara talatin da huɗu. Ayarinsu zai sauka bayan azahar, su yi kamar awa ɗaya a bakin filin jirgi, bas ta kwashe su zuwa Makka, komawa kuma ta Madina. Ita Goggo iƙamarta, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, ba ta isa ta tunkari shingen binciken hanyar Makka ba. Awar nan ɗaya ita ce ke nan.

Mai hankali tasi zai tara. Goggo Fatu kuwa mai hankali ce, ita da kanta ta sha faɗa. Sai dai tun zamanin da ake aika kaset take shaida wa Juwairiyya irin daular da take ciki, kuma a duk kasetin nan gyaɗa ba ta taɓa fitowa ba. Don haka ta haɗiye tsohon fushi, ta kira ɗan ƙaninta.

Mai ma'arad ya yarda a ɗauki mota ɗaya zuwa la'asar. Ga fara, haibirid, tankinta cike. Ga baƙa, mai dizal, allurar manta na kwance.

"Wacce ce mai murya?" in ji Goggo.

"Dizal mana, ya Goggo. Zaki ne."

"Ita nake so. Ba zan je gaban Juwairiyya ina sanɗa ba."

Ta hakimce a baya, awarwaron ruwan zinariya har gwiwar hannu. A gidan mai na farko akwai famfon dizal can gefe, ba kowa a kai. Muhandis ya fito, ya ɗaga bakin tiyo, ya shinshina, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfin dangi.

"La, la. Wannan na 'yan dako ne. Injin nan ɗan gata ne, ba ya shan kowane irin mai. Na san wuri a Khumra."

Filin jirgi na arewa, Khumra na kudu. Goggo ba ta karanta allo, amma wannan ko cikin barci ta sani. Sai dai kalmar ɗan gata ta yi mata daɗi a kunne. Ta gyara abaya, ta ce, "Yalla."

A Khumra suka tarar da layi: tireloli da tankoki goma sha huɗu a gaba. Kafin Muhandis ya gama ƙirga su, wasu uku sun toshe baya. Tiyon can ma irin na farko ne, man kuwa shi ne dai wanda aka baro. Ya kashe na'urar sanyi don kar ɗan abin da ya rage ya ƙare, ya fita yana yi wa direbobi bayanin yadda injin zamani ke wanke hayaƙinsa da kansa. Wani direba ɗan Pakistan ya leƙo daga saman tirelarsa, ya miƙa masa lemo, ya ɗaga gilashi. A cikin mota kwalli ya soma gangarowa a kumatun daula.

Waya ta yi ƙara.

"Yaya, kina ina? An ɗora kayanmu."

"Ga ni nan kusa, 'yar'uwa. Cunkoso ne."

"Na riƙo miki daddawa da kuka. Tun ɗazu duk tsohuwar da ta wuce sai na leƙa fuskarta. Yaya, direba ya ce mu hau."

Goggo ta matse waya a kunne. Ta ji ana rufe ƙofar bas ta cikin waya. Da wata tsohuwar ce, nan za ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Tamu kuwa ta toshe waya da tafin hannu, ta ƙwala wa Muhandis kira:

"Shigo ka taka ta! Ko a waya ta ji."

Ya shigo ya taka. Zakin ya yi ɗan gurnani irin na kyanwar da ta ƙoshi. Ya sake takawa, ko tantabarar da ke kan famfo ba ta tashi ba. Daidai nan tankar da ke gefensu ta tayar, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya rufe gilashi.

"Masha Allah!" in ji Juwairiyya. "Yaya, taki ce wannan?"

"Tawa ce."

"Kai! Ashe duk abin da kike faɗa kaɗan kika faɗa. Sai na gaya wa mutanen gida."

Layi ya yanke. Goggo ta share ido da bakin mayafi, ta sauke gilashi don ta ga mai wannan murya. Hancinta ya riga idonta: tankar kwashe masai ce, tiyonta na ɗiga.

Muhandis ya gyara murya. "A ilmance, ya Goggo, rashin ƙarar nan shi ne babbar shaidar..."

Abin da ta ce masa a nan shi ne maganarsu ta ƙarshe har yau.

"Yi min shiru, Abu Tsumma. Sauka ka karɓo min lambar direban nan. In Juwairiyya ta sake kira, shi zan nema."