Rasuwar Tsoho, Had Disk Ɗin Shagon Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yanzu bai gama jin saukarsa ba, Kafinta na bakin layi, a madadin kansa da 'ya'yansa, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar had disk ɗin kwamfutarsa, wanda aka fi sani da Tsoho. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinya. Ga wanda bai san had disk ba, wani ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, yana cikin kwamfuta, duk abin da aka ajiye a wurinsa yake zama. Kafinta ma bai taɓa ganin fuskarsa ba sai da ya kwanta ciwo.

Ba a san shekarun marigayi ba, don da tsufansa ya zo, a cikin wata kwamfuta ta hannu da wani ofis ya gaji da ita. Kafinta ya saye ta ne don ya riƙa nuna wa masu kawo aiki hotunan gado da kujeru, saboda ya gaji da zana wa mutane a bayan katako, a gama aiki su ce ba haka suke nufi ba. Tun daga ranar Tsoho ya zauna a lungu, tsakanin injin goge katako da galan ɗin gam, yana shaƙar ƙura, bai taɓa ko tari ba. An sha ɗauke masa wuta yana tsakiyar aiki, a dawo da ita ya tashi kamar ba a yi ba. Da safe in an kunna shi sai ya ce "kirrr", ya ɗan yi "cak-cak" irin na mai gyaran murya, shi ke nan, sai aiki. Ba ƙorafi, ba tsegumi. Abin da aka ba shi ya riƙe, abin da aka nema ya miƙo. Kafinta ya zauna da mutane da yawa a shagon nan, kuma ba zai iya yi wa ko ɗaya wannan shaidar ba.

Sai dai ba don hotunan gado ake wannan sanarwa ba. A cikin Tsoho akwai wani ɗan bidiyo na Uwar Yara, Allah Ya jiƙanta. An ɗauke shi da wata waya da ta daɗe da faɗawa ruwa, ranar da Kafinta ya gama mata kabad ɗin kwanuka da ta yi shekara tana yi masa mita a kai. Kabad ɗin ya je ɗauka, ita kuma ta shigo hoton tana yi masa faɗa, wai gidan kowa ya gyara ya bar nasa. A nan kaɗai muryarta ta rage. Ta rasu Auta ko rarrafe ba ta fara ba. Yayyen sun san muryar uwarsu, ita ba ta sani ba.

Kafinta ba sakarai ba ne, ya san abu mai daraja ba a ajiye shi wuri ɗaya. Da ya ga kwamfutar tana da ɗaki biyu, ɗaya C ɗaya D, sai ya sa aka zuba bidiyon a C, aka sake zuba wani a D, kamar yadda yake ajiye makullin shago ɗaya a aljihu ɗaya a gida. Ya rufe, bai sake buɗewa ba. Yana da dalilinsa, kuma ba na jama'a ba ne. In Auta ta tambaya ya ce ta bari ta girma, abin yana nan, har guda biyu.

Ciwon ya fara a hankali. Tsoho ya koma sai an jira shi. Wata rana aka buɗe hoton gado, sama ya fito, ƙasa duk toka, har mai aikin ya tambaya ko gadon ba shi da ƙafafu ne. Daga nan muryarsa ta sauya, ya koma "tak, tak, tak", ya yi shiru, ya sake. Kafinta ya yi abin da ya sani, ya hure ƙura, ya ɗan buga gefen kwamfutar kamar yadda ake yi wa duk abin da ya yi taurin kai. Maƙwabcinsa mai gyaran firiji ya ce a naɗe shi a leda a sa a firiza, an yi. Ya fito yana gumi, ciwonsa na nan.

Ana cikin haka Auta ta samu makarantar koyon aikin jinya a wani gari. Tana haɗa kaya ta ce yanzu kam ta girma, har ta fi shi tsawo, a tura mata muryar a wayarta ta tafi da ita. Kafinta ya taɓa na C, Tsoho ya ce "tak, tak". Kafinta ko a jikinsa. Ya koma na D. Tsoho ya ce "tak, tak".

An garzaya da shi wajen wata mai gyara a saman benen masu sayar da waya. Ta ciro shi, ta jona a na'urarta, allo ya cika da 'yan ƙananan gidaje, kore na masu lafiya, ja na matattu. Ta ce sunan ciwon bad sekta, wato wurare ne a jikin faifan da suka lalace ba sa karantuwa. Kafinta ya gane wannan, gara ce, waje lafiya lau, ciki ta gama ci. Ta tambayi inda ɗayan kwafin yake, ya ce a D. Ta ce C da D katako ɗaya ne aka ja masa layi da fensir. Ya yi gardama, don shi da idonsa ya ga ɗaki biyu. Ta ɗora masa ƙarfen a tafin hannu ta ce ya ƙirga.

A yi mata adalci, ta yi ƙoƙari. Ta hana kowa sake kunna shi, ta riƙa kwashe abin da ke ciki a hankali, in ta iso wurin da ya ruɓe ta tsallake, ta dawo daga baya ta lallaɓa, ta ɗebo daga C ta cike da na D. Amma duk zagaye sai ja ya ƙaru. Hotunan gado da kujeru sun fito kusan duka, garau. Bidiyon kuma farkonsa ya fito. Ga kabad, ga muryar Kafinta yana yabon aikinsa, yana buɗe murfi yana rufewa. Sai ga hannun Uwar Yara da gefen zanenta sun shigo, hoton ya tsaya, ya farfashe. Tsoho ya ce "tak" sau ɗaya, bai ƙara ba.

Auta ta sa an maimaita mata. Ta ce ashe a da muryar Baba siririya ce. Ta karɓi guntun a wayarta. Ba ta yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Ya koma shago ya ƙarasa wata ƙofa da ake jira.

Marigayi ya rasu ya bar allo mai tabo a kusurwa, da madannai waɗanda harafi ɗaya ya fita tun bara, da linzamin kwamfuta mai naɗin salatif, da wata jikanya filas, 'yar ma'ajiyar kwafi da ake jona wa kwamfuta, da aka sayo bayan an gama buƙatarta. Magajinsa, sabon had disk, ya riga ya tare. An ce ba ya yin ƙara kuma ba a jiran sa. Kafinta bai gaisa da shi ba tukuna.

Jana'iza ranar Alhamis da yamma a shago. Ba za a yi masa salla ba, Kafinta bai zare ba. Ba za a ba mai sayen ƙarafa ba, kuma mai gyaran firiji ya daina tambayar maganaɗisun da ke ciki. An yi masa akwati da ragowar katako mai kyau, ba ƙusa, za a kwantar da shi a saman kabad ɗin kwanuka a gida. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo komai, kada kuma su kawo shawara, ta yi latti.

Roƙo ɗaya ne. Duk wanda ke da tsohon kaset, ko faifan wani biki, ko katin tsohuwar waya na zamanin da Uwar Yara take shiga taro, ya duba kafin ya zo, don Auta ranar Asabar za ta tafi. Ba sai ta fito a hoton ba. Ko daga bayan mutane aka jiyo ta tana kiran wani yaro, a kawo. Kafinta yana ganin zai gane ta.