Rasuwar Majigin Bayan Shagon Ɗanasabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da shekaru suka bar mini, ni Mukhtari, mijin marigayiya Ramatou, nake sanar da 'yan uwa mazauna Mount Hope da kewaye rasuwar Majigi, na'urar haska fim da ta zauna tare da mu a ɗakin bayan shagon Ɗanasabe. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, tsakanin Azahar da La'asar, yana tsakiyar aiki, a gaban shaidu. Na nemi izinin liman in buɗe sanarwar nan da kalmomin da aka saba, ya ce ba a yi wa ƙarfe da roba. Na bi maganarsa, ko da yake na halarci jana'izar mutanen da ba su amfani unguwar nan rabin yadda marigayin ya amfane ta ba.

Ga wanda bai san asalinsa ba, Ramatou ce ta kawo shi. Mai son kallo ce tun muna Damagaram, kuma da na ɗauko ta zuwa New York na yi mata alfaharin cewa ta zo inda fim ya fi yawa a duniya. Na kai ta babban gidan silima, mai ɗakuna fiye da goma. Muka tarar fim uku ne aka raba wa ɗakunan. A na farko wani ƙato sanye da matsattsun kaya yana ceton duniya. A na biyu shi ne dai. A na uku ɗan uwansa ne. An rushe birnin nan a gaban idona sau ba adadi, kuma duk lokacin da na fito sai in tarar da shi a tsaye, mai gidan haya yana nan da ransa.

Sai muka koma ƙananan gidajen silima na Manhattan, masu ɗaki ɗaya ko biyu. Ba zan ci amanarsu ba: a can ne ake nuna fim ɗin da mutum ke cin abinci, ya yi faɗa da matarsa, ya tsufa, ya mutu, ba tare da wani gini ya faɗi ba. Amma kallo a wajensu kamar zaman makoki ne. Wata rana suka sa wani fim na ƙasarmu, da Hausa. Muka ci ado kamar ranar Sallah. Duk ɗakin, mu biyu kaɗai ne ba mu bukatar rubutun fassarar da ke ƙasan allo. Wata tsohuwa a fim ɗin ta yaɓa wa surukinta baƙar magana, mai fassara ya mayar da ita gaisuwa, Ramatou ta fashe da dariya ita kaɗai. Wani mutum mai tabarau ya juyo ya ɗora yatsa a leɓensa. Ba ta ƙara motsi ba har aka tashi. Sai a jirgin ƙasa, muna komawa Bronx, ta ce, "Malam, yau an hana ni dariya da harshen uwata." Kafin wata ya ƙare ta shigo da Majigi a cikin jakar wanki, na hannu ne, wata makaranta ta gaji da shi.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, marar son kai, marar zaɓen ƙabila. Ya haska mana finafinan Kano da Yamai da Kumasi, na Dakar da na Masar, na Farisa da na Japan, da wasu daga ƙasashen da sai na buɗe taswira kafin in faɗa wa jama'a inda suke. Bai taɓa tambayar nawa fim ya tara a makon farko ba. In an kira sallah yakan tsaya cak, ya riƙe jarumi baki buɗe har mu idar. In Hamdatu, 'yar Kumasi mai kula da tsofaffi, ta miƙe ta ce, "Malam, mayar da shi baya, matar nan ƙarya take yi, ku dubi idonta," yakan koma baya ba gunaguni. Ni nakan tsaya a gefensa in fassara da baki, jama'a su yi mini gyara a harsunan da ba su ji. An ci ƙosai a gabansa, an yi kuka, an yi musu har aka daina gaisawa na mako guda. Shi dai abin da yake faɗa bai wuce "fuuu" ba, a hankali, kamar mai hura wa yaro kunu.

Ɗakin da ya zauna ba namu ba ne, kuma a nan ne wannan rashi ya zama biyu. Na Ɗanasabe ne, aro ya ba mu. Lokacin da ciwon Ramatou ya yi nauyi, ya zo duba ta a asibiti, ta kama shi da maganar ɗakin, domin ta san mijinta: in ba a ba ni dalilin fita ranar Lahadi ba, littafi zan rungume har a ji wari. Ɗanasabe ya ce, "Hajiya, muddin majigin nan naki yana numfashi, ɗakin naku ne. Allah ne shaida." Ya cika alkawari shekara da shekaru, ina shaida masa wannan a bainar jama'a. Ina kuma shaida cewa tun da aka ƙara masa kuɗin haya, masu aika gangunan kaya gida suka fara zawarcin ɗakin, babu Lahadin da bai leƙo ya kasa kunne ba. Ko ni ban saurari numfashin marigayin da irin wannan kulawa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗigon fari guda ɗaya a kusurwar allo. Muka ce tauraro ne. Kafin bazara taurarin sun cika sama sun sauko kan fuskokin 'yan wasa, har Hamdatu ta ce duk jaruman duniya sun kamu da ƙyanda. Daga nan launinsa ya koma kore. "Fuuu" ta zama "kar-kar-kar". Zazzaɓi ya riƙa kama shi, yana suma a tsakiyar fim, muna yi masa fifita da kwali har ya farfaɗo. Na sauya masa ƙwan fitila, na share masa ƙura da burushin haƙori, na rage masa aiki zuwa fim ɗaya gajere. Ranar Lahadin nan muna kallon wata mata da ta yi tafiya mai nisa neman ɗanta. Ta iso ƙofar gidan, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. Marigayin ya ce "ƙyas". Ɗakin ya yi duhu, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Sai muka ji takun Ɗanasabe yana komawa cikin shago.

Mashud mai gyaran waya ya buɗe cikinsa ya ce abin da ya ƙone an daina ƙera shi. Sannan ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya ce, "Baba, a kawo sabo ƙarami in dasa shi a cikin gangar jikin tsohon. Ɗanasabe ƙarar fanka kawai yake ji, wallahi ba zai gane ba." Ba zan ce ban yi tunani ba. Na kwana da maganar, na tashi da ita. Amma alkawarin nan a bakin gadon Ramatou aka ɗaure shi, a kan wannan majigin, ba wani ba. Mutumin ya riƙe nasa gefen da gaskiya alhali yana cutuwa. Ban ga yadda zan riƙe nawa da gawa mai motsi ba, in zauna kowace Lahadi ina kallon ƙarya tana haska bango da sunan matata. Na je da ƙafata na faɗa wa Ɗanasabe. Ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Malam," kuma idonsa ya kawo ruwa. Na yarda ruwan na gaske ne. Na kuma ga abin awo a aljihunsa.

Marigayin ya bar rimot guda wanda aka ɗaure da roba, da akwati biyu na faya-fayai da ba su da mai karanta su, da farin zanen gado da ya yi masa allo, da kujeru waɗanda babu biyu masu kama da juna. Ya bar masu kallo kimanin ashirin, yawancinsu masu ciwon gwiwa. Ya bar wata mata tsaye a ƙofa da hannu a sama. Ya kuma bar ni.

Ina roƙon masu ta'aziyya su daina ce mini komai yana cikin waya. Na sani. 'Yata Aïchatou ta zo daga Port Richmond da kyakkyawar niyya, ta kai ni babban gidan silima don in huce. Na yi mata magana da Hausa, ta amsa da Turanci cewa kujerun yanzu har kwanciya suke yi. Gaskiya ne, sun kwanta, na kwanta. Ƙaton nan mai ceton duniya yana nan a allo, ya sauya riga. Mutum ɗari a ɗaki ɗaya, ba wanda ya san sunan na kusa da shi.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar Azahar, a ɗakin da ya rasu. Tunda dokar birnin nan ta hana jefa irinsa a shara, za a naɗe shi, a ɗora a keken cefane, a tura shi zuwa inda ake karɓar matattun na'urori. Mashud ne zai tura. Ba a bukatar kuka mai sauti, amma an yarda a yi musu. Kowa ya zo da shirin ɗaukar kujerarsa, domin ranar Litinin da safe ganguna za su shigo. Zan miƙa wa Ɗanasabe makulli a gaban kowa, kuma ina roƙon kada wanda ya harare shi.

Daga Lahadi ta sama, za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidana, hawa na biyar, lif ba ya aiki. Zan dafa shayi in bar ƙofa a buɗe daga Azahar zuwa La'asar. Ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Wanda ya hau matakalar nan, ni ya zo gani.