Ranar da na gyara sifikar ɗakin tiyata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi wa Kawu Sale aiki a ƙwaƙwalwa a nan Abidjan ba, ko da kuwa na so in manta. Kawu ɗan kasuwa ne daga Kano, hannunsa ya daɗe yana karkarwa har shayi ba ya iya kaiwa baki. Aikin a farke ake yin sa, shi kuma ba ya jin Faransanci, sai aka ce a kawo tafinta. Ni da aka haifa a Abidjan na buga ƙirji.

Sana'ata gyaran rediyo da sifika a unguwar Bracodi (ku riƙe wannan, nan matsalar take).

A asibitin Treichville suka sa min riga da hula, suka zaunar da ni daf da fuskar Kawu, an ɗaure kansa da ƙarfe. Likitar, wata mata mai gilashi, ta yi min bayani: za su zura siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar, su saurari ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya har su gano inda ciwon yake. Na ce na gane sarai. Wallahi ban gane komai ba, hular kawai nake gyarawa.

Can sai wata sifika a gefena ta fara tsatsatsa, kamar an jefa alloko, ayabar suya, a mai. Raina ya ɓaci. Asibiti guda, a ce jonar waya ta yi tsatsa? Kowa ya yi tsit, na ɗauka kunya suke ji. A hankali na miƙa hannu na zare wayar, na hure bakinta kamar yadda nake yi a shago.

Ƙarar ta ɗauke. Likita ta ɗago kai.

Ashe wannan tsatsatsar ita ce muryar ƙwayar da suke ta nema tun ɗazu. Ta wanke ni tas da Faransanci, ba tare da ta ɗaga murya ba. Na mayar da wayar, hannuna na rawa fiye da na Kawu.

"Kai, me take cewa?" in ji Kawu.

"Kawu, cewa ta yi... komai lafiya."

"Ƙarya kake. Ba fassara aka kawo ka yi ba? Faɗa min duka."

Haka na tsaya na fassara zagina da bakina. "Ta ce ni sakarai ne, Kawu. Ta ce saura kaɗan in ja maka asarar aikin nan." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Allah ya rufa asiri, suka sake samo ƙwayar, aiki ya yi kyau. Da na je duba shi, Kawu ya ɗaga hannun nan, ko karkarwa babu, ya kira ni kusa. Na matso ina hawayen murna. Ya kama kunnena ya murɗe.

Tun ranar, ko rediyon maƙwabci na ji yana tsatsatsa, sai na tambaya ko da mai saurare kafin in taɓa.